Ranar da Baba Ya Hau Motar Guider

Ni ce auta a gidanmu, kuma a lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Djamboutou, nan Garoua. Mahaifinmu malami ne da ya daɗe yana karantar da manya fiƙihu a zaurensa, babu wanda bai san shi ba a unguwa. Da tsufa ya kama shi sai mantuwa ta biyo baya. Yakan yi la'asar sau biyu, ko ya tambaye ni ina mahaifiyarmu ta shiga, alhali ta daɗe da rasuwa. Mu kuwa muka yi ta rufa-rufa, domin yayyena maza suna ganin abin kunya ne a ji babban malami ya fara rikicewa.

Sana'ata ce ta sa na saba da taswirar waya. Matan da nake yi wa ɗinki sukan turo mini inda suke, in nuna wa mai moto, wato ɗan acaɓa, ya kai musu kaya har ƙofar gida. Wata rana da na ga hankalin Baba a kwance, na durƙusa na roƙe shi ya bari in saita wayarsa yadda zan riƙa ganin inda yake a tawa. Ya yi dariya, ya ce wanda Allah ke gani ko'ina, idon 'yarsa ba zai dame shi ba. Amma da babban yayanmu ya ji, sai ya hau faɗa, wai na rataya wa mahaifinmu ƙararrawa kamar akuya, in cire maza. Ban cire ba. Muka daɗe yana amsa gaisuwata da ƙyar.

Cikin damina abin ya faru. Baba ya fita da hantsi, ya ce zai gaida wani aboki, har aka yi azahar bai dawo ba. Yayyena suka watsu, wannan masallaci, wancan kasuwa, wani asibiti. Ni kuwa na buɗe waya, sai na ga ɗigon da ke nuna Baba a taswira ya bar Garoua gaba ɗaya, yana tafiya a kan hanyar Maroua. Na kira, bai ɗaga ba, dama ya daina ɗaga waya. Da na nuna wa Yaya sai ya ce ai ɓarawo ne ya sace ta. Na san maganarsa tana iya zama gaskiya. Sai na tuna a Guider, garin da ake bi ta wannan hanya, Baba ya yi karatu yana saurayi, kuma a 'yan kwanakin nan yana ta zancen malaminsa kamar yana raye. Na ce, "Yaya, ko ɓarawon ne, ai shi ne na ƙarshen da ya ga Baba." Ya dube ni, ya ɗauki makullin mota.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Reso, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ɗigon ya tsaya cak, in yi ta salati har ya dawo. Kafin mu isa, sai ya nuna Baba ya wuce tashar Guider ya nufi gefen gari, wajen kogi, daga nan wayarsa ta mutu, caji ya ƙare. Muka bi taswira zuwa wurin ƙarshe da ta nuna, har lungu ya gagari mota muka sauka da ƙafa. Wata mai sayar da gyaɗa ta gaya mana da Fulatanci cewa wani tsoho mai farar riga ya tambaye ta gidan wani malami da ya rasu tun tana yarinya, ya gangara ƙasa. Na ruga ko mayafina ban gyara ba.

Na same shi zaune a gindin darbejiya, ya tuɓe takalma, ya naɗe ƙafar wando, ga ruwa ya cika ya batse a gabansa. Yana hutawa ne kafin ya haye, yadda ya saba hayewa a kan yashi da rani a zamanin ƙuruciyarsa. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya ce, "Auta, kin zo? Riƙe mini takalman nan, kada in makara darasi." Na riƙe takalman, na riƙe hannunsa. Yaya ya iso, ya zube a gabansa yana kuka kamar yaro.

Washegari Yaya da kansa ya miƙo mini wayarsa ya ce in saita masa, sannan ya tsaya bayan sallar magariba ya sanar da maƙwabta halin da Baba ke ciki. Nan muka ji mutane da yawa sun gan shi ya nufi tasha ran nan, sun gaishe shi da ladabi suka wuce, don ba su san komai ba. Baba ya ƙara shekaru tare da mu, ya cika a kan gadonsa muna kewaye da shi.

Har gobe ina alfahari da taurin kan da na yi, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Abin da ke damuna shi ne shirun da muka yi tun farko. Duk mai tsoho a gida da mantuwa ta fara taɓawa, ya nemi izininsa tun yana gane magana, ya saita wayar, ya kula da cajinta, amma kada ya tsaya nan. Ya faɗa wa mutanen unguwa. Taswira ta kai mu bakin ruwa a kan lokaci, amma da maƙwabta sun sani, da ko tasha Baba bai kai ba.