Gurbin Sarewar da Na Kasa Cikewa

Edita, sallama gare ka da masu bibiyar wannan shafi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka zan faɗi abin da ya same ni yadda yake, sai dai ba zan kama sunan kowa ba.

A shekarun baya ni matashi ne mai ji da kansa a Kano, sana'ata haɗa kiɗa ga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta dandamali, irin wasan nan da ake yi rabi magana rabi waƙa. Mutane da yawa ba su san akwai wannan aiki ba. Har mahaifiyata ta koma ga Allah tana ce wa maƙwabta ɗanta makaɗi ne, alhali ko ganga ban iya ratayawa da kyau ba. Mai waƙa zai kawo waƙarsa tsirara, amo da baituka kawai, ni ne zan ɗinka mata riga. Ni zan ce nan kalangu zai shigo, nan kukuma za ta yi kuka, nan sarewa za ta amsa mata, nan kuma kowa ya yi tsit don a ji muryar 'yar wasa. Ba na hawa dandamali. Wurina a ƙasa yake, gefen makaɗa, kafaɗata jingine da babbar lasifika, ina ba da umarni da hannu. Jarina kunnena ne, kuma ba yabon kai ba, kunne ne na gaske. In fatar kalangu ta ɗan saki saboda damina, tun daga bakin ƙofa nake ji, mai kalangun ma bai ankara ba. 'Yan ƙungiya suna tsokanata wai ko sauro ne ya zo wucewa sai na ce masa ya gyara murya.

Yadda na gaji aikin daga maigidana haka na riƙe shi. Ba a haɗa makaɗa a koya musu tare. Kowa za ka ja shi gefe, ka rera masa rabonsa daga bakinka zuwa kunnensa har ya zauna masa, sannan ka sallame shi. Mai kukuma bai san abin da mai sarewa zai busa ba sai ranar da aka haɗu, kuma ko a ranar hankalinsa na kan hannuna ne, ba kan ɗan'uwansa ba. Maigidana ya ce hikimar ita ce kada wani ya saba da jingina da wani, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Gaskiya ne, kiɗan yakan fito tas. Amma akwai wani daɗi da na samu a ciki wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne cewa cikakken kiɗan a kaina kaɗai yake, in ba ni ba wasa.

Wasan da ya fito da sunanmu labarin wata uwa ce da ɗanta ya tafi aikin Hajji a ƙafa ta hanyar Sudan, bai dawo ba. A ƙarshen wasan uwar takan zauna ita kaɗai a dandamali, kukuma ta yi kira kamar muryarta, sarewa ta amsa daga can nesa kamar ɗan nata, suna yi suna matsowa har su haɗu a amo ɗaya. Wani dattijo da muke kira Baba shi ke jan kukumar, amininsa kuma ke busa sarewar. Na sha ganin manyan mutane suna share ido da hannun riga a wurin nan. A rayuwata ban taɓa haɗa abin da ya kai shi ba.

Tun a shekarun nan na fara jin wani abu kamar kukan gyare a kunnen da ke wajen lasifika. In an tashi daga wasa sai ya bi ni har gida, da safe ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Matata ta ce in je asibiti, na ce mata kunnen da ke ciyar da ita ba ya buƙatar likita. Ana cikin haka wasan dandamali ya ja baya, jama'a suka koma kallon waya, ƙungiya ta watse. Da zaman banza ya ishe ni, sai Allah Ya kawo hanyar aiki a Makka, a sashen wanki na wani otal da ke wajen unguwar Kudai. Na yi murna ƙwarai, na ce ko ba komai na zama maƙwabcin Ɗakin Allah. Injinan wankin nan kuwa ba sa hutawa, ƙararsu har a haƙori kake jin ta. Ana ba mu abin toshe kunne, ni kuma ina cusa nawa a aljihu, wai ni da na girma a gindin lasifika me inji zai yi mini.

Shekaru sun tafi a haka. Na lura ina yawan cewa a maimaita mini magana, amma na ɗora laifin kan Larabcin mutanen nan mai sauri. Na lura kiran sallar Harami, wanda da can nake bin kowane lanƙwasar muryar ladani, ya koma mini kamar mutum biyu ne ke yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan ma na ce lasifikoki ne suka yi yawa.

Sai ga kiran waya daga shugabar ƙungiyarmu ta da, wadda ita ce take fitowa a matsayin uwar nan. Ta ce an nemi su sake nuna wasan, kuma sun tattaro waɗanda suka rage. Mai sarewa ya rasu. Baba yana nan, amma hannunsa ya fara rawa, shi da bakinsa ya ce wannan ne hawansa na ƙarshe, kuma ba abin da yake roƙo sai ya ja kukumarsa sau ɗaya ya ji sarewa ta amsa masa kamar da. Sun samu sabon mai sarewa, gwani ne, amsar kawai yake jira a ba shi. Sun duba hotunan bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka a da, ba abin da ake ji sai tafi da rugugin lasifika. Baba kuwa ya ce yana gane amsar in ya ji ta, amma bai taɓa riƙe ta ba, domin idonsa da hankalinsa na kan hannuna ne duk shekarun nan. Ta ƙare da cewa saura ni, in yi wa Allah in taimaki tsoho. Na yi dariya na ce mata ta ɗauka an gama, abin yana nan a kaina ko ɗigo bai ɓace ba. Kuma gaskiya na faɗa.

Washegari bayan la'asar na samu wani lungu bayan masaukinmu a unguwar Misfala, domin nan ba garin da za ka tsaya a fili kana rera amo ba ne. Na rera rabon sarewar cikin waya, na tura. Da amsa ta zo sai shugaba ta ce wataƙila iska ta ɓata sautin, in sake. Na sake. Ta ce mai sarewa ya bi abin da na rera daidai, amma ba ya hawa kan kukuma. Raina ya ɓaci, na ce sun samo mai busa wa shanu sun ce gwani ne. Na yi ta turawa, suna ta lallaɓa ni. Kowa ya san inda matsalar take, ni kaɗai ne ban sani ba, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya wa mai kunnen nan da ake tsoro.

Wadda ta gaya mini wata tsohuwa ce da muke sayen tuwo a wurinta a Misfala. Kakanninta ta Sudan suka shigo a ƙafa, Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta san kara ba in magana ta zo. Ta ga ina zaune ina gunguni ni kaɗai, ta tambaye ni, ya waladi, wato ɗana, me nake ta ci a baki haka. Na ba ta labari. Sai ta ce in rera mata wata waƙar rainon jarirai da kowace uwa ta sani. Na rera, ina jin kaina daidai. Ta ajiye ludayi ta dube ni, ta ce wallahi da jariri ne a hannuna da ya ƙara kuka, na hau sama ban sauko inda na taso ba. Ta ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, amma in tafi mustashfa, asibiti ke nan, kunnena ne ba bakina ba. Tuwon nan ban iya gama shi ba.

Likita ya gwada ni ya ce jijiyar ji ta lalace a kunnuwan biyu, ɗaya ya fi ɗaya, shi ya sa kowanne yake kawo mini amo daban. Ya ce na'ura za ta taimaka mini in ji magana, amma abin da ya mutu ba ya dawowa. Na tambaye shi ko da magani a wata ƙasa, ya girgiza kai. Na fito na nufi Harami, na sha zamzam, na shafa a kunnuwana, na roƙi Allah da hawaye Ya ara mini su ko na yini ɗaya ne in sauke wa tsohon nan amanarsa. Wani abokin aikina ya ce ai gata Allah Ya yi mini, Ya raba ni da kiɗa a gari mai tsarki. Ban san hikimar Ubangiji ba, shi ma bai sani ba, amma na san a ranar ba wa'azi nake buƙata ba.

Na nemi hutu in je gida, aka ce lokacin alhazai ya gabato, ba mai motsawa, mu ma wasunmu Arfa za a kai su aiki. Na yi ta ƙorafi, daga baya na gane ko an bar ni na tafi, da kunnuwan zan tafi. Na sa a waya irin abin nan da ke nuna madannan kiɗa, na ce ko yatsana zai nemo abin da bakina ya kasa. Ina dannawa ina jin amo biyu, ban san wanne ne na gaskiya ba. Ban taɓa koyon rubuta kiɗa ba, domin a ganina aikin marasa kunne ne. Ga abu a kaina sarai, ina jin kowane numfashin sarewar, amma ba ƙofar da zan fitar da shi. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na kwanakin nan ba.

Ana saura kaɗan a yi wasan suka kira ni ta bidiyo daga wurin gwaji. Na gaya musu gaskiya, ba wanda ya yi mamaki. Baba ya karɓi wayar. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya ce mini ɗana, kada in damu, in dube shi kawai. Ya sa aka jingina wayar a gabansa, ya ɗauki kukuma ya fara ja. Abin da ke isowa kunnena ba shi da maraba da ƙarar injin wanki, amma ina ganin hannunsa, kuma na san kowane ja. Da ya kai inda sarewa za ta amsa sai ya tsaya, ya ɗago ido yana kallona, kamar yadda ya saba kallon hannuna. A cikin kaina sarewar ta amsa, cikakkiya, mai daɗi kamar ranar farko. Na buɗe baki na rufe. Hannuna ya ɗaga da kansa ya ba da alamar shigowa, ba wanda zai shigo. Mai sarewa yana tsaye a bayansa da sarewarsa a hannu, ya sunkuyar da kai.

An ba Baba shawara a ƙirƙiro wata amsar, mai sarewar ma ya kawo tasa, kuma an ce ba ta da laifi. Ya ƙi. Ya ce shi ba zai yi kira wani baƙo ya amsa masa ba. Ranar wasa ya ja kukumarsa shi kaɗai, duk inda amsa za ta zo ya bar wurin fayau, daidai tsawonta. Shugaba ta ce mini 'yan kallo sun yi kuka, sun ɗauka da gangan aka tsara haka, wai ɗan ne bai amsa ba. Har an yaba mini. Ni dai na san ba haka na haɗa shi ba, a nawa ɗan yana amsawa, kuma abin da tsohon nan ya roƙa ke nan bai samu ba. Kafin shekara ta zagayo Allah Ya karɓi abinsa.

Har yau ina wankina a Makka, da na'ura a kunne, kuma abin toshe kunnen da nake cusawa a aljihu yanzu ni ke bin sababbin zuwa ina roƙonsu su sa. Da na sani ƙeya ce. Ina jan hankalin duk mai aiki a gindin lasifika ko inji, in ka fara jin kukan gyaren nan kada ka jira, ka je a duba ka. Kai kuma da Allah Ya ba wata baiwa, ka zaunar da ko mutum ɗaya ne ka ba shi ita dukanta tun kana iyawa. Ni na ɗauka mutuwa ce kaɗai ke raba mutum da abin da ya sani, ashe yana iya zama da ransa, abin na nan a kansa, ya kasa miƙa wa wanda ke tsaye a gabansa yana jira. Ku sa Baba a addu'a. Ni kuma kullum sarewar nan tana amsa masa a kaina, kuma ni kaɗai nake ji.