Ranar da Na Bi Baba Dawanau

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin gari ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai aike ni sai ya ce “ke”, in zai yi maganata da wani sai ya ce “yarinyar nan”, har yanzu da nake da 'ya'ya huɗu da furfura a gefen kunne. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya dariya ina wurin. Ƙannena har kafaɗarsa sun hau suna cire masa hula, ni kuwa aka bar ni da kunya. Ban ɗauki abin da zafi ba, don haka na ga ana yi a kowane lungu na Jakara.

Da Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, abincin Baba ya dawo hannuna. Matar ƙanena da suke zaune a gidan ta so ta karɓa, na ce Allah ya kiyaye, ina raye. Aure ya kai ni Gwale, amma kullum da hantsi nake tuƙa tuwo, in kaɗa miya, in zuba a kula biyu in kai masa da kaina, domin Baba bai ɗauki shinkafa abinci ba. Ina isa sai in durƙusa a bakin zaure in ce, “Baba, ga abinci.” Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, “To, a ajiye. Allah ya yi albarka.” In ɗauki kulolin jiya a wanke tas in juyo. Shekara shida muna haka, kuma wannan kular da take dawo mini babu ko loma ita ce duk yabon da nake samu. Wallahi ta ishe ni.

A da, zauren nan ba ya rabuwa da mutane. Su biyar ne suke ciyayya, kowa a fito masa da kwanonsa daga gida, a haɗa a tsakiyar tabarma a ci tare. Uku sun rasu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen, aminin Baba da suka yi shekaru suna sayar da huluna a Kurmi rumfa na kallon rumfa, 'yan'uwansa suka sayar da gidan gado aka raba, ya kwashe ya koma can bayan gari wajen Dawanau. Na ji labarin tashinsa, na ce Allah ya sa alheri, ban sake tunanin abin ba.

A wani gidan suna na fara jin maganar. Wata maƙwabciyarmu ta Jakara, mai bakin da ba ya ajiye komai, ta bari sai da mata suka cika tsakar gida sannan ta dube ni ta ce, “Ashe Baba ya koma cin abincin saye? Maigidana ya je lodi Dawanau ya gan shi a rumfar wata mai tuwo, ya naɗe hannun riga yana ta santi.”

Na ce, “Kama dai ya gani.”

Ta ce, “Sau uku? To, kama ce mai naci.”

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma alkakin da ke hannuna kasa haɗiye shi na yi. A cikin gari, dattijo mai 'ya'ya ya zauna a benci ya sayi tuwo? Ai ba shi za a zaga ba, ni za a zaga. Sai dai in faɗi gaskiya, ba zagin ne ya fi ci mini rai ba. Kalmar santi ce. Shekara shida ina ƙona hannu, ban taɓa ganin loma ta shiga bakin mutumin nan ba, sai ga wata can a bakin titi tana kallonsa yana santi a kan tuwonta.

Tambayarsa ba ta taso ba, da wane bakin? Sai na koma kan tukunya. Na sayo daddawa mai kyau, na sa aka kawo mini man shanu daga ƙauye, na riƙa dafa ƙashi tun asuba har ya saki. Yau kuka, gobe kuɓewa busasshiya, jibi taushe. Kula tana dawowa a wanke kamar kullum, Baba yana cewa “a ajiye” kamar kullum. Da ina murna da wankakkiyar kula, yanzu kuwa sai in tsaya ina juya ta ina tunanin cikin wa abincina ya shiga.

Na tura maigidana ya gano mini, kuma wannan shi ne kuskurena na farko. Ya dawo da la'asar yana sakace. Ya ce bai tarar da Baba ba, amma ya ga rumfar, kuma tunda ya je sai ya ɗan taɓa.

“Ka ɗan taɓa?”

“To ya zan yi, in tsaya ina kallon mutane? Amma fa gaskiya matar nan ta iya tuwon dawa. Laushi kamar me. Ga araha, abin da za ka ba ta ka ƙoshi ko lemon kwalba ba zai saya maka a gidan abincin 'yan gayu ba.”

Na ce masa tunda ya sami uwar ɗaki sai ya kwashe kayansa ya koma can. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Kwana biyu ban yi masa magana mai daɗi ba.

Ranar wata Laraba na kai abinci kamar yadda na saba, na durƙusa, aka ce a ajiye. Ina fitowa daga lungu na ciro niƙabin da na aro wajen ƙanwar maigidana na ɗaura, na tari adaidaita sahu. Muka fita ta Ƙofar Dawanau muka miƙi titi, tafiya ta ƙi ƙarewa. Ina ta mita a raina, tsoho mai ciwon gwiwa yana wannan hanyar kullum saboda tuwon wata.

Ban taɓa sanin haka wajen yake ba. Rumfuna ne jere a bakin hanya, na kwano da na buhu, kowace da hayaƙinta. Ga mai garau-garau tana zuba mai da yaji, ga mai ɗanwake tana tsamewa da matsami, ga mai gurasa yana yayyafa ƙuli, can gefe Fulani sun jera ƙoren fura da nono. 'Yan dako da ƙurar hatsi a gashin ido, direbobin manyan motoci, malaman makaranta da biro a aljihu, kowa ya sami gefen benci ya duƙufa. Ba wanda yake kallon wani. Na gane rumfar da kwatancen maigidana, mai shuɗin labule kusa da wani ƙaramin masallaci.

Na so in tarar da ƙazama. Wallahi da addu'ar haka na tafi, in ga ƙuda, in ga ruwan wanke-wanke yana kwance, in dawo in sa ƙanena ya hana Baba zuwa. Sai na tarar da mace tsaf-tsaf, ba za ta girme ni ba, ta share wurinta ƙal, kwanukanta a kife suna ƙyalli. Ta ce, “Sannu da zuwa Hajiya, shigo ta baya, nan mata suke zama.” Ta ba ni kujera 'yar tsugune kusa da murhu, a bayan labule. Na ce a zuba mini malmala ɗaya da miyar kuka.

Na ɗaga niƙabi na kai loma. Miyar ba komai, ruwa ya yi mata yawa, daddawar ma ba ta nuna ba, na ji sanyi a raina. Amma tuwon, kai! Ba gudaji ko ɗaya, ga ƙanshin itace, yana taɓa harshe yana narkewa. Ni a kan gas nake tuƙa nawa, a gurguje, ina duban agogo. Na ci loma ta biyu ina jin haushin kaina, na ci ta uku ina jin haushinta.

Ana sallame azahar sai ga su sun fito daga masallacin, Baba da amininsa. Ta gefen labule nake hangen su. Abin da na fara gani a hannun Baba shi ne jakar da nake sako masa abinci. Kulolina ne ya ɗauko tun daga Jakara. Suka zauna a ƙarshen benci, wasu dattawa biyu da ban sani ba suka matso, aka gaisa ana tsokanar juna. Baba ya buɗe kular tuwona ya tura gaban amininsa, ko kallonta bai yi ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce, “'Yata, a kawo mini biyu masu zafi!”

'Yata. Na ji kalmar har cikin haƙorina. Ni da ya haifa ina “yarinyar nan”, mai tuwon bakin titi ta zama 'yata.

Ta kai masa tuwon gaya, ba miya, ta dawo tana tsaki ƙasa-ƙasa. Ta ga ina leƙe sai ta ce, “Kin ga tsohon can? Kullum sai ya zo, amma da miyarsa yake tafe. Wata nawa ina roƙonsa ya ɗanɗana tawa ko sau ɗaya, ya ƙi. Wai haƙoransa ne suke son tuwona, amma miya sai ta babbar 'yarsa. Kuma ba ya ci ya yi shiru, sai ya bi kowa da cokali, ku taɓa ku ji, ku taɓa ku ji. Har kwastomomina ya lalata mini, yanzu sai su ce wai in riƙa yin irin ta…” Sai ta faɗi sunana.

Sunana sak, har da yadda mahaifiyata take jan ƙarshensa.

Na ce, “Wa ya gaya miki sunanta?”

Ta ce, “Shi mana. Ai mun haddace. Wance ta yi kaza, wance tun tana ƙarama haka hannunta yake. Ni dai ina so in ga matar nan da idona, in ga ko hannu uku gare ta.”

Na matsa da kujerata jikin labule na kasa kunne, domin abu ɗaya kawai nake so a duniya a wannan lokacin, in ji shi da bakinsa. Baba ya buɗe kular miya, taushe ce ranar, ya zuba a kan tuwon matar, ya miƙa wa na kusa da shi. Amininsa yana cin nawa tuwon yana cewa, “Yau ma za a fara wa'azin miyar ke nan? Bari mu gyara zama.” Baba ya tuntsire da dariya. Ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ranar. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Kai dai ci ka yi shiru. Duk Kano in ka sami mai kaɗa taushe kamar…”

Dariyar ce ta haɗu da loma, ya ƙware. Ya hau tari, idonsa ya yi ja, amininsa yana bubbuga masa baya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizgi kofi na ɗebo ruwa a randa, na banko labule, na zube a gabansa gwiwa biyu na ce, “Baba, ga ruwa.” Ba mai durƙusa wa mai sayen tuwo a rumfar bakin titi. Ko da muryata ba ta tona ni ba, durƙuson ya isa.

Ya karɓa ya sha. Tarin ya lafa. Ya dubi niƙabin, ya dubi hannuna, sai ya kawar da kai. A hankali ya sauke hannun rigarsa, ya jawo murfi ya rufe kwanon da bai ci rabinsa ba.

“To,” ya ce. “Allah ya yi albarka.”

Mai tuwo tana tsaye da mara a hannu, baki buɗe. Na tashi na biya ta, ta ƙi karɓa, na ajiye mata a kan tebur na fita. A cikin adaidaita na yi kukana, niƙabin aro ya sha hawaye da majina, sai da na wanke shi kafin in mayar.

Washegari na kai abinci kamar kullum. Na durƙusa na ce, “Baba, ga abinci.” Ya ce a ajiye. Har na ɗauki kulolin jiya na miƙe, sai ya yi gyaran murya, yana kallon carbinsa ya ce, “Hanyar can da nisa. Ba sai an riƙa wahala ba.” Na ce to. Na gane, kuma ban sake zuwa ba.

Na so in daina tuƙa tuwon tunda ba shi yake ci ba, sai na tuna aminin nasa ba shi da mai yi masa. Na sayi babbar kula saboda miyar ta ishi benci. Maigidana yakan biya ta can wani lokaci, ya dawo ya ce mai tuwo tana gaishe ni, wai tana roƙon in gaya mata sirrin taushe. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Mutuniyar kirki ce, na sani, ba ta yi mini komai ba. Amma duk ranar da na durƙusa a bakin zauren nan aka ce mini “a ajiye”, sai in tuna nan da awa biyu wata tana tsaye a bakin murhunta, tana jin sunana a bakin Baba har ya gundure ta, ni kuwa ban taɓa ji ba ko sau ɗaya.