Ragowar Kwanon Inna

Yayana ba mugu ba ne, amma wallahi gara mugu da mai ilimin da ya manta halin uwarsa.

Da muka ɗauko Inna daga Kano zuwa nan ƙasar waje, gidansa ta sauka a titin Grand Concourse, don shi ne mai ɗaki biyu. Ni ina unguwar Tremont, aiki ba ya sakina sai Lahadi. A lokacin Yaya ya riga ya kamu da ciwon rage ci. Wai ya karanta cewa an gwada a kan ɓeraye da birai, duk wanda ya rage abinci, tsufa zai zo masa a hankali, ya daɗe a duniya. Ni ban ce ƙarya ba ne. To ya yi wa kansa mana, ai cikinsa ne! Ya sayi ɗan sikeli ya kafa a kicin, yana auna shinkafa sai ka ce mai sayar da gwal, bakinsa kullum kalori, kalori. Wuya ya yi tsawo, wando yana zamewa, shi kuwa murna yake.

Sai ya juyo kan Inna. Wai so yake ta ga tattaɓa-kunnenta. Ya hana man shanu, ya hana fura, malmalar tuwo ta koma kamar ƙwan kaza. Matarsa, baiwar Allah, abin da ya auna shi take zubawa.

Duk Lahadi sai in tarar Inna ta ƙara zubewa. In na tambaya ta ce, "Sanyin ƙasar nan ne." Zoben da ya shekara talatin a yatsanta har ta naɗa masa zare don kada ya faɗi. Raina ya ɓaci, na ce a kai ta asibiti. Yaya ya ce ramar lafiya ce, in daina ihu.

Wata Lahadi na zo daidai ta gama cin abincin rana. Na ga Yaya ya ɗauko kwanonta daga ɗaki, ya kwashe ɗan abin da ya saura ya ɗora a sikeli.

"Kin gani?" in ji shi, yana washe baki. "Ko wannan ɗin ba ta cinyewa. Cikinta ya saba."

Na ce, "Yaya, me kake yi da awon ragowa?"

"Cirewa nake daga na gobe. Tun da ta rage, ai jikinta ba ya buƙata."

Innalillahi! Ashe wata da watanni haka ake yi: ta rage, ya rage, ta sake ragewa, ya sake ragewa.

Na ce, "Yaya, tun da uwarmu ta haife ka, ka taɓa ganin ta cinye kwano tas? Babba yana suɗe kwano? Ko loma uku ka ba ta, biyu za ta ci ta bar wa yara ɗaya! Wa yake fizge ragowarta muna ƙanana, har ya make ni in na kai hannu? Ba kai ba ne?"

Ya ce, "Da yunwa take ji ai da ta faɗa."

"Ta faɗa wa wa? Kai ɗan farinta, da ko sunanka ba ta kamawa? A gaban surukarta za ta buɗe baki ta ce a ƙaro mata tuwo? Ka karanta cikin ɓeraye da birai, uwarka tana bayan ƙofa ba ka karanta ta ba!"

Bai taɓa jin haka daga bakina ba. Ya tsaya da kwano a hannu, ya fara, "Amma bincike ya nuna..." Na ce ya riƙe bincikensa, shi ma ya ci rabi ya rage rabi.

A ranar na haɗa kayanta. Ta yafa mayafinta ta biyo ni. A matakalar jirgin ƙasa na riƙe damtsenta, yatsuna suka zagaye shi har suka haɗu. Kuka na yi a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Da muka isa gidana na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, na kwarara man shanu ba awo. Na cika kwano fal na ajiye mata, na fita falo don ta sake.

Da na dawo, loma kaɗan ta iya yi. Cikin ya riga ya tsuke. Ta rufe kwanon da faifai, ta turo min shi da hannu biyu.

"Ki kai wa yayanki," in ji ta. "Na ga yaron nan duk ya rame."