Na Kai Baba Dutsen Dala Kafin Aikin Ido

Tashi daga Nassarawa

Bayan sallar asuba muka fito daga gida a Nassarawa GRA, ni da mahaifina. Yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce sai an yi aiki, shi kuwa ya ƙi. Da muka matsa masa, ya ce sai ya hau Dala tukuna. A gindin dutsen aka haife shi, kuma rabonsa da unguwar tun da aka sayar da gidan gado.

Shekarar da aka hana mata hawa acaɓa ce, don haka muka tsayar da adaidaita sahu. Wajen Ƙofar Nassarawa 'yan Hisba suka leƙo, suka ga tsoho da 'yarsa, suka yi mana fatan sauka lafiya.

Cikin birni

Muka wuce masallacin Juma'a, muka bi ta gefen kasuwar Kurmi, ba a ma buɗe rumfuna ba. Da lungu ya matse, direba ya ce iyakarsa ke nan. Muka sha koko da ƙosai wajen wata dattijuwa, muka ƙarasa a ƙafa.

Kan dutse

Matakalar ta ba Baba wuya. Ina riƙe da hannunsa, muna hawa muna hutawa. Da muka kai sama ya jingina da tankin ruwa, ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na lissafa masa Goron Dutse, da koriyar ƙubbar masallaci, da ragowar ganuwa.

"Duba yamma, Hadiza," in ji shi. "Akwai rimi a ƙofar gidanmu."

Na duba, na sake dubawa. Rufin kwano ne kawai har iya ganina. Na so in ce ga shi can, amma na kasa.

"Babu shi, Baba."

Ya juya fuskarsa yamma. Daga ƙasa muna jiyo kukan zakaru da ƙarar injin markaɗe. Can ya ce, "Ban yarda ba. Ke ba ki san inda ake dubawa ba. Kai ni wajen likitan nan, in zo in duba da kaina."

Komawa gida

Kafin azahar muna gida. Aka yi aikin ranar Litinin, ido ya buɗe, Alhamdu lillahi. Bayan wata biyu muka sake hawa. Rimin dai babu, amma ya nuna mini tagar ɗakin mahaifiyarsa.