Kunnen Liya da buhunan Yaya Felix

A layinsu na Sabon Gari babu wanda bai san Liya mai kashu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana soya ƙwallon yazawa, ta fasa, ta ɗura a kwalabe, ta kai wa 'yan Kantin Kwari. Mace ce gajera mai yawan dariya, yatsunta duk sun yi baƙi saboda man ɓawon, kuma ba ta taɓa ɓoye su ba.

Da kunne take sayen kaya. In aka sauke mata buhu sai ta ɗebi ƙwallo cikin hannu ta girgiza. Wanda ya sha rana sosai yakan yi ƙara a cikin ɓawonsa, wanda ba a shanya da kyau ba kuwa shiru yake yi. Maƙwabciyarta Nkechi har tsokanarta take yi, wai ta fi likita iya sauraron ƙirji.

Mafi yawan kayanta daga gonar yayanta Felix suke zuwa, can Kwoi. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, kuma tunda take ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba.

Bana buhunansa suka iso fes, sababbi na leda masu sheƙi, maimakon tsofaffin buhunan algarara masu shan iska. Liya ta girgiza, shiru. Ta fasa goma, shida sun yi fumfuna. Ranta ya ɓaci ƙwarai. In ta yi shiru, baɗi ma haka zai aiko, dole ta koma saye a wajen wani. Faɗa masa kuma, bakinta ba zai iya ba.

Sai ga shi ya zo Kano bikin Ista. Bayan ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, ta zubo masa soyayyen kashu a faranti. Ya tauna ɗaya, ya yamutsa fuska ya tofar.

"Wane marar tausayi ne ya sayar miki da wannan?" in ji shi. "Ai ko kwana biyu bai yi a rana ba. Da danshinsa aka ɗure shi, ya yi ta gumi. Irin manoman nan ne ke ɓata mana suna!"

"Mutumin kirki ne, Yaya," ta ce, idonta a ƙasa. "Har sabon buhu ya saya don ya burge ni."

Felix ya juya ya hango buhunan a jingine da bango, da sunansa a jiki, rubutun hannunsa. Sai kawai dattijon ya fashe da dariya har da hawaye.

"Hadari na gani ya haɗo, na kwashe da wuri," ya ce. "To, da tun tuni kin faɗa mini mana."

"Ban iya ba, Yaya."

"Ni na raine ki, amma wannan aikin kin fi ni saninsa. Daga yau in na yi ba daidai ba, ki faɗa."

Washegari ya fasa tafiya. Ya tuɓe rigar bikinsa, ya zauna a tsakar gida kusa da ƙanwarsa, yana miƙo mata ƙwallo ɗaya-ɗaya yana tambaya ko wannan zai yi.