Kiɗan da Ba Shi da Ganga

Ni mace ce mai saurin fushi, kowa ya sani, ni ma na sani. A sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Kankia nake aikin buga takardu, kuma in aka dawo mini da wasiƙa ɗaya sau uku a ce in gyara, to a na ukun sai an ji muryata har bakin get. Wata yarinya mai bautar ƙasa da aka ajiye a ofishinmu ce ta gaji da halina. Ran nan ta zare abin sauraren da ke kunnenta ta cusa a nawa, ta ce, "Anti, don Allah ji wannan, ki bar faɗa da firinta."

Na ji. Babu ganga, babu kalangu, babu mai waƙa. Wani sauti ne dogo ya taso a hankali ya miƙe, kamar mutum ya ja numfashi ya manta bai sauke ba. Can sai wasu siraran sautuka suka fara sauka ɗaya-ɗaya, irin ɗigon indararo bayan an ɗauke ruwa. Huɗu ne ko biyar, su tafi su dawo, kowace dawowa da ɗan bambanci. Ta ce da kwamfuta ake haɗa shi, mutum ɗaya zaune a ɗakinsa. Na ce wannan ai rashin aikin yi ne. Amma ban cire ba. Da ya ƙare sai na ji kafaɗuna sun sauka, haƙoran da na datse tun safe sun saki, ga wani daɗi haɗe da kewa, alhali ban san kewar wa nake ba. Na ce ta tura mini duk wanda take da shi.

Abin dariyar, ni ɗiyar makaɗi ce. Babana a garin Ƙofa yake, cikin Kusada, kuma ya yi shekara da shekaru yana kaɗa gangar noma. In an yi gayya, an taru za a yi wa wani huɗa, shi ke bin bayan manoma da ganga a rataye. Kowane ƙato da takensa, wato ɗan kiɗan da aka san nashi ne shi kaɗai. Baba na buga taken mutum, sai ka ga ya zabura ya kama kunyar gona kamar an zuba mishi garwashi a ƙafa. A wurin Baba kiɗa kira ne. Mahauta da nasu, maƙera da nasu, manoma da nasu.

A bazarar da nake ba da labarinta ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi na da kaifi. Hannu ne ya ƙi. Mai gashin ƙashi a asibiti ya ba mu wata ƙwallon roba, ya ce kullum Baba ya riƙa matsa ta, ya riƙa motsa yatsu, in kuwa aka bar hannun ya yi watanni a kwance, zai sandare ke nan har abada. Muna isa gida Baba ya ɗauki ƙwallon da hagu ya wurga ta garken awaki.

Daga nan ya daina fita. Ba ciwo ne ya hana shi ba, gaisuwa ce. "In miƙa wa mutum hagu? Ni?" Yana da wani amini tun na ƙuruciya, wanda a zamaninsu babu mai riga shi kai ƙarshen kunya a wurin huɗa. Kullum bayan la'asar sai tsohon nan ya zo zaure ya yi sallama, kullum Baba ya ce wa Inna, mahaifiyata, ta ce yana barci. Na roƙe shi ya zo Kankia kusa da asibiti, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "In kwana gidan suruki? Allah ya sawwaƙe." Shi ya sa duk Juma'a in na tashi aiki sai in hau mota in tafi Ƙofa, in dawo ran Lahadi.

Ni da wayona, sai na ce ai na san maganinsa. Na sa aka nemo mini kiɗan gangar noma a waya, na shiga ɗakinsa da murmushina na kunna. Wallahi da na san abin da zai faru da ban yi ba. Fuskarsa ta canza, ya juya ya fuskanci bango, ya ce, "Kashe." Na kashe, kunya ta kama ni, kuma ni in kunya ta kama ni fushi take komawa. Na ɗauko ƙwallon da na tsinto daga wurin awaki na ce, "Baba, hannun nan fa mutuwa zai yi!" Bai ko juyo ba ya ce, "Naki ne?"

Na fito ina huci. Na zauna ƙarƙashin rumfa na jawo faifan zogale ina tsiga kamar shi ya yi mini laifi. Abin kunnena na manta shi a Kankia, sai na kunna kiɗana a fili, ƙasa-ƙasa, don kada in fashe. Ya yi ta tafiya abinsa. Na fara hucewa ke nan sai na ji murya daga ɗaki.

"Uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na'am, Baba."

"Waɗannan mutane har yanzu gyaran kaya suke? Yaushe za su fara?"

Na tuntsire da dariya har zogale ya zube. Shi a tunaninsa makaɗa ne ke ɗaure ganguna suna gwada sauti kafin a shiga fili, ya yi ta haƙuri yana jira, har haƙurin ya ƙare. Na ce, "Ai kiɗan ke nan, Baba. Ya ma kusa ƙarewa."

Can ya ce, "Kawo shi nan."

Na kai na ajiye a gefen tabarmarsa na mai da shi farko. Ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, yadda yake yi in yana sauraren sabon makaɗi. Ya ce, "Taken wa suke yi?"

"Ba na kowa ba ne."

"Ƙarya ne. Babu kiɗan da ba shi da mai shi."

Ya shiga lissafi. Ba na maƙera ba ne, ya cika sanyi. Ba na mahauta ba, su ba su da wannan haƙurin. Biki kuwa, in aka sa wannan, 'yan rawa barci za su yi a tsaye. Inna ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Na malalata ne, Malam, ka bar wahalar da kanka." Ya ce ta tafi ta ba shi wuri, mi ta sani game da kiɗa. Rabon da in ji su suna wannan tsokanar tun kafin ya kwanta.

"Sake sa shi," in ji shi. Na sake. Wannan karon ransa ne ya fara ɓaci, irin ɓacin ran mai sana'a in ya ga ana wasa da aiki. "Ji nan! Nan ya kamata ganga ta shiga. Nan! Kash, ya bar shi ya wuce. Kai, wannan rago ne!" Ya fara nuna wa mai kwamfutar yadda ake yi, yana taɓa tabarma da yatsun hagu.

To mai ganga da hannu biyu yake aiki. Yatsun hagu su ke ƙananan bugu a kan fata, dama kuma ita ke riƙe da gula, sandar kiɗan, ita ke sauke babban bugun. Hagun Baba ta yi nata, ta yi nata, ta zo daidai inda babban bugu zai sauka. Sai na ga manuniyar hannun damansa ta ɗaga kaɗan daga kan cinyarsa, ta sauka. Shi bai ma lura ba, yana can yana zagin rago. Na buɗe baki zan yi ihu, Inna ta damƙe mini zane ta baya ta girgiza kai. Na haɗiye. A rayuwata ban taɓa yin shirun da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

Na bar wa Inna tsohuwar wayata cike da kiɗan, na koya mata inda za ta danna. Kowace Juma'a in na zo sai in tarar da sabon ƙorafi. Wannan ya fi wancan hankali, wancan kuma bai san inda zai tsaya ba. Yatsa ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Ƙwallon ma na gan ta a ƙarƙashin matashinsa, na yi kamar ban gani ba.

Wata safiya muna zaune ni da shi, kiɗan na tafiya, sai ya ce, "Uwata, na gano masu shi." Na ce su wa? Ya ce, "Kin san lokacin da an gama sharar gona, an kai taki, iri na cikin ƙwarya, babu abin da ya rage sai ruwa? Ka zauna bakin gona kana duban gabas, ranka na daɗi, gabanka na faɗuwa. Mun yi wa huɗa kiɗa, mun yi wa girbi, wannan zaman ba mu taɓa yi mishi ba." Sannan ya ce, "Gangata cewa take tashi. Wannan kau bai ce in yi komi ba, zama yake tare da ni." Na ji kamar in rungume shi, amma mu ba mu saba ba, sai na ƙara mishi koko.

Gaskiya hannun bai dawo yadda yake ba, kuma Baba bai sake rataya ganga ba. Amma wata Asabar bayan la'asar, an yi ruwan shuka da kwana biyu, amininsa ya yi sallama a zaure kamar kullum. Inna ta miƙe za ta je ta faɗi abin da ta saba faɗa, sai Baba ya ce, "Ce mishi ina zuwa."

Ya sa hula ya fita a hankali. Ni kuwa na bi shi na laɓe bayan zana ina leƙe, babu ko kunya. Ya tallafo hannun dama da na hagu, yadda yaro ke yi in zai gai da babba, ya miƙa. Tsohon ya ce, "Iye! Yau ni ake wa ladabi?" Baba ya ce, "Karɓi dai ka ji." Ya karɓa, na ga yatsun Baba sun naɗe a kan nashi sun matse. Tsohon nan ya riƙe hannun da hannuwansa biyu, ya ƙi saki. Mutanen da ke fitowa daga masallaci suka fara tsayawa a ƙofar zaure, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, "To sake ni mana. Ba ka ga akwai sauran mutane ba?"