Shekarar da Aka Ce In Duba Aikin Malam Sa'idu

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka turo mini Malam Sa'idu ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina malamin dabbobi a Birnin Gwari. Ku yaran yanzu ku sani, malamin dabbobi ba likita ba ne. Shekara biyu kacal na yi ina koyon rigakafi da dandaƙa, aka miƙo mini lasisi da makullin kabad ɗin magani.

Shi kuwa Malam Sa'idu shekara biyar ya yi a Sudan, ya dawo cikakken likitan dabbobi. Amma ma'aikata ta ce ita takardar Ingila ta sani. Sai aka yanke ya yi shekara guda a ƙarƙashin mai lasisi, a cika masa fom, sannan a ba shi nasa lasisin. Kafin nan kada ya kuskura ya taɓa sirinji. Mai lasisi kuwa, duk ƙasar Birnin Gwari ni kaɗai ne.

Na karanta wasiƙar da ya zo da ita sau uku, har bayanta na juya ko akwai ƙarin bayani. Na ce, "Malam, ni zan duba ka? In duba me?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, haka suka rubuta."

"Don Allah bar ranka ya daɗen nan, kunya kake ba ni."

Da damina ta yi nisa, Ardo Buba ya aiko daga Kuyello cewa shanunsa na ramewa suna faɗuwa. Muka hau kekuna muka ratsa daji. Ni ina ganinsu na ce ciwon hanta ne. Malam Sa'idu ya ce in tsaga kunnen saniya ɗaya in ɗiga masa jini, ya leƙa a madubin likita, ya ce sammore ne, cizon tsando. Akwai maganinsa cikin jakata, amma sabo ne, ban taɓa amfani da shi ba, kuma in ya yi yawa kisa yake. Sai ya tsaya a gefena, hannuwansa a baya, ya dubi saniya ya faɗi awo, ni kuma in soka. Kwana huɗu muna haka.

Ardo ya gaji da kallo ya ce, "Wai ni kam, wane ne likitan a cikinku?" Muka dubi juna, muka ci gaba da allura. Garken dai ya warke.

Ƙarshen shekara na buɗe fom. Tambaya ta farko: shin ya yi wa dabba magani da hannunsa? Nan kaina ya ɗaure. In na ce i, ya karya doka. In na ce a'a, bai ƙware ba. Gaba kura, baya sayaki! Na shiga motar katako har Zariya wurin babban jami'inmu na lardi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an hana shi taɓa allura, kuma ana tambaya ko ya taɓa."

Ya ce, "Tambayar daga wani ofis take, hanin daga wani."

"To, wanne zan bi?"

"Duka biyun. Rubuta gaskiya kawai."

Na dawo na rubuta gaskiya: shi ya gano cutar, shi ya faɗi awo, ni na yi allura. Na ƙara da cewa ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Na nuna masa kafin in aika, ya ce ba ƙarya a ciki.

Bayan wata biyu wasiƙu biyu suka iso tare. Tasa ta ce ba a ga shaidar ya yi aiki da hannunsa ba, ya ƙara shekara guda a ƙarƙashin mai lasisi. Tawa ta ce saboda ceton garken Kuyello an ƙara mini girma, in koma Zariya. Ba a turo kowa a madadina ba.

Ya karanta duka biyun a tsaye, ya ba ni hannu. "Barka, Malam. To ni yanzu wa zai duba ni?"

Na kulle kabad, na tafi da makullin, domin doka ba ta yarda in bar masa ba. Daga baya na ji ya haƙura ya koma sayar da fatu a kasuwa.

Abin da na koya, ku riƙe: in baƙuwar takarda ta zo gabanku, ku kai mai ita garke ku ga aikinsa da idonku. Ni dai har na yi ritaya da girman da ba nawa ba, kuma har yau ban san abin da ya kamata in rubuta a fom ɗin nan ba.